Ƙullin Dabino a Hanyar Sorau

Malam Mato na unguwar Kolere ya haura sittin da 'yan kai sa'ad da ya sa a ransa sai ya hau keke daga Mubi zuwa Sorau, ya kuma dawo a yini guda. Wanda ya san tsohon ya san ba a yi masa gardama. In ya ce e, ko liman aka turo ya ba shi baki, sai dai ya sha ruwa ya koma gida.

Ba shi ya ƙirƙiro tafiyar ba. Tun shekarun da aka hana hawa babur a gari keke ya dawo da darajarsa, har wasu samari da ma'aikata suka kafa ƙungiyar mahaya. Duk shekara in damina ta ɗauke sai su shirya doguwar tafiya, su bi ta Maiha, su taɓo Sorau, su juyo. Ba tsere ba ne, ba a ba kowa kofi. Wanda ya shigo gari kafin magariba da ƙafarsa a kan feda, ya sami abin faɗa a majalisa har baɗi. Shi kuwa Malam Mato wannan hanyar ita ce gonarsa ta ƙuruciya. Ɗan koli ne a lokacin, yana ɗaure akwatin allura da zare da madubi a bayan keke yana bin kasuwannin ƙauye. A Sorau ɗin ma ya tashi, a hannun kawunnansa Fulani, ko da yake mahaifinsa Bakatsine ne maɗinki. Da ya ji yaran unguwa suna cika baki da hanyar, washegari sai ya tafi ya ba da sunansa, ya dawo da riga ruwan ɗorawa da lamba a bayanta.

Da 'yarsa Zulaiha ta ga rigar nan, sai ta ce sam ba ta yarda ba. Tana da dalili. Tsohon yana da ciwon suga, kullum da safe sai ya sha ƙwaya, kuma ƙwayar nan ba ta son ciki ba komai. In lokacin cin abinci ya wuce bai ci ba, sai gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, magana ta sarƙe. Bara ma haka ya faɗi a ƙofar masallaci, ita ta rugo ba ko takalmi ta ɗura masa ruwan sukari. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke riƙe da cikinsa da maganinsa. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta turo ƙanwarsa ta yi masa faɗa. Ya saurare su duka, sannan ya ci gaba da zuba wa sarƙar kekensa mai.

Sai ta juyo kan mijinta.

Khamis sunan mijin, ɗan gidan 'yan kasuwa ne da suka zo daga Borno, yana da shagon huluna da turaren wuta a babbar kasuwa. Shi ma ɗan ƙungiyar ne, kuma cikin gwanayenta, irin waɗanda ke isa Sorau su ci su huta kafin na baya su ɓullo. Mutum ne mai son a ce ya kyauta. In ka ba shi amana zai riƙe ta da hannu biyu, har ya matse ta ta fashe bai sani ba.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Zulaiha ta zauna a tsakar gida ta zaɓo dabino masu laushi, ta zuba a wani kyalle mai ruwan toka. Ta ƙulle, ta sake ƙullewa, ta ja da haƙori don kada gargada ta warware shi a hanya.

"Abban Afrah," ta ce, "ba na son ka yi gudu gobe. Ba na son ka isa da wuri. Baba nake so ka dawo mini da shi."

"In sha Allahu."

"Kada ka ce mini in sha Allahu kawai. Ka san halinsa, ko yana mutuwa ba zai faɗa ba. Ka tabbata ya ci dabinon nan kafin rana ta take. Ka yi mini alkawari ba za ka ɗauke ido daga kansa ba, ko na ƙiftawa."

Khamis ya dubi idonta da suka kumbura, ya ce, "Na yi miki alkawari. Inda ya sa taya, nan zan sa tawa."

Ta sauke ajiyar zuciya. A ranar ce kaɗai cikin makon ta ci abinci sosai. Su biyun suka tashi daga tabarmar nan suna ganin sun toshe kowace ƙofa, alhali tsoro ya rufe mata ido, son a yaba ya rufe nasa.

Bayan sallar asuba aka taru a filin da ke bakin hanyar Maiha. Kekuna sun yi yawa, galibi na gwanjo masu siraran tayoyi, samari sanye da hular kwano da matsattsun wanduna suna ta miƙe ƙafa. Sai ga Malam Mato a kan tsohon baƙin kekensa mai birkin ƙarfe, ya ɗora rigar ƙungiya a kan kaftani, ya ɗaure ƙafar wando da roba, zanna bukar a ka. Ƙullin dabino na reto a hannun keken. Aka yi masa tafi, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Joel, wani dogo ɗan ƙabilar Kamwe da aka ba usur da jan tuta don ya riƙa bin baya yana tattara masu rauni, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wannan keke ya girme ni fa."

"Ya girme ka, ya kuma fi ka sanin hanya," in ji tsohon.

Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Motar 'yan sintiri ta shige gaba, a-kori-kurar da za ta kwashi waɗanda suka gaza ta tsaya a baya. Joel ya busa usur, aka ɗunguma.

Da farko abin gwanin sha'awa. Iska da sanyinta, dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama, duwatsu a gabas sun yi kore shar. Malam Mato yana tuƙi irin na mutanen da, baya a miƙe, ƙafa na juyawa a hankali ba ta tsayawa. Khamis yana gefensa, rabin taya a baya don ladabi. Abokan gudunsa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya suna tsokana, "Yau ango ya zama dogari!" Ya yi murmushi. A ransa yana jin daɗin abin, har yana shirya yadda zai ba Zulaiha labari.

Tsakaninsa da surukinsa magana ba ta da yawa, dama can ba ta taɓa yawa ba. Tun da Khamis ya auri Zulaiha tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai Baban Afrah, sunan 'yarsu ta fari. Kuma da "ku" yake masa magana, kamar wani babba. Khamis ya ɗauki wannan a matsayin karamci kawai, bai taɓa zama ya auna nauyinsa ba.

Zangon farko a wani ƙauye ne kafin Maiha, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. An jibge ruwan leda da ayaba da ƙosai a kan benci, mahaya suka rufar musu. Malam Mato ya tura kekensa can nesa da taro, ya jingine shi, ya zauna a kan saiwa ya ba jama'a baya. Bai gama zama ba Khamis ya iso da ruwa a hannu ɗaya, ayaba a ɗaya, ya tsuguna a gabansa.

"Baba, ga ruwa. Ga ayaba kuma, ku ɗan taɓa."

"Useko, na gode, Allah ya yi albarka. Ina da nawa." Ya nuna ƙullin da haɓa. Ya karɓi ruwan ya fasa, ya wanke fuska, ya zuba sauran a ƙeya.

Khamis ya ci gaba da tsuguno yana jiran a kwance ƙullin. Tsohon ya dubi sama ya ce bana dawa ta yi kyau. Khamis ya ce ƙwarai. Ya ce a da akwai wata rijiya a bayan masallacin can. Khamis ya ce ikon Allah. Haka suka yi ta jefa wa juna magana maras gishiri har Joel ya busa usur. Shi kansa Khamis bai sa komai a baki ba, don ina shi ina tauna a gaban suruki? Wannan kam ya sani, tun yana yaro aka koya masa. Ya jefa ledar ruwa biyu a aljihun baya, ya ce in ya sami sarari ya sha.

"Baba, ba ku ci ba."

"Da sauran ƙarfi. Sai gaba."

Aka wuce Maiha da hantsi. Daga nan hanya ta canza hali. Damina ta cinye gefenta, ta bar ramuka da tsakuwa, ga hawa ga gangara. Rana ta fito da fushinta irin na ƙarshen damina, mai zafi da gumi a haɗe. Ayarin ya tsinke, gwanaye sun ɓace a gaba, 'yan tsakiya sun warwatsu, aka bar tsoho da surukinsa da wasu 'yan ƙalilan a wutsiya. Joel ya matso kusa da Khamis.

"Oga Khamis, ka tafi abinka mana. Ƙafarka yana ƙaiƙayi, ina gani. Ni zan zauna da Baba, aikina ne."

"A'a, na gode. Na yi wa maiɗakina alkawari."

"Ni ma zan iya duba shi ai."

"Na ce na gode."

Joel ya ɗaga kafaɗa ya koma baya. Da Khamis ya karɓi tayin nan, da wannan labari bai sami mai ba da shi ba. Amma rashin sani ya fi dare duhu.

Zango na biyu a bakin wani mayo ne, wato rafi, da ruwansa ya ja baya ya bar yashi da manyan duwatsu. Mutanen da suka rage ba su da yawa, kowa ya zube inda ya sami inuwa. Malam Mato ya sauka, ƙafarsa ta ɗan turguɗe, ya dafe sirdi. Sannan ya zare ƙullin daga hannun keke, ya sa a ƙarƙashin riga, ya nufi bayan duwatsu kamar mai neman wurin kama ruwa.

Khamis ya bi shi da ido har hular ta kusa ɓacewa, sai maganar Zulaiha ta faɗo masa. In ya faɗi a can fa, ba wanda ya gani? Ya tashi ya bi sawu. Bai matsa ƙwarai ba, ya hau wani ɗan dutse daga nesa, inda zai iya hango kafaɗar tsohon. A ganinsa ya yi dabara. Tsohon ya zauna, ya fito da ƙullin ya ɗora a cinya, ya fara taɓa bakin ɗaurin. Sai ya waiga. Idonsu ya haɗu.

Khamis ya sunkuyar da kai, amma bai sauka daga dutsen ba. Malam Mato ya daɗe a zaune. Daga bisani ya mayar da ƙullin ƙarƙashin riga, ya miƙe da ƙyar, ya zo ya wuce ta gabansa. Ya rataye abinsa a hannun keke kamar yadda ya zo da shi.

"Baba, kun ci?"

"Alhamdu lillahi."

Amsa ce da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma ba a bin babba da tambaya ta biyu. Khamis ya dubi ƙullin, ya ga kamar bai ragu ba, ya ce wa kansa wataƙila ya zari biyu ko uku.

Bayan mayon sai dogon hawa. Rana ta take. A nan Khamis ya fara ganin abin da aka aiko shi ya hana. Rigar tsohon ta jiƙe sharkaf, gumin ba irin na kowa ba, yana ɗiga daga haɓa. Tayar gaba ta fara yawo, ta yi hagu ta yi dama. Bayan da yake a miƙe tun safe ya ranƙwafa. Cikin waɗanda suke tare da su, biyu sun haƙura sun zauna jiran mota, ɗaya tayarsa ta yi faci, Joel ya tsaya taya shi. Hanya ta zama daga su sai su.

Khamis ya taka feda. Ya matso har kafaɗarsu ta kusa gogar juna.

"Baba, don Allah mu tsaya ku ci dabinon nan. Ita ta ce kada rana ta take ba ku ci ba."

"Ni yaro ne?"

Bai taɓa jin wannan murya daga bakin tsohon ba. A kausashe ta fito, harshen kuma ya yi nauyi. Khamis ya yi tunanin ya tare gaban keken, ya ƙwace ƙullin, ya tura masa a baki ko yana so ko ba ya so. Hannunsa har ya saki birki. Amma ya za a yi ya kama haɓar uban matarsa? Ya mayar da hannunsa kan keke. Ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba," ya ja baya.

Shi ma maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, tun asuba bai sha komai ba. Ya rage gudu ya bar tazara, ya koma daidai bayan tsohon inda ba za a gan shi ba, ya zaro ledar ruwa ya fasa da haƙori, idonsa na kan rigar ruwan ɗorawa. Yana cikin zuƙa sai ya ga Malam Mato ya ɗan juya kai hagu, ya juya dama. Da bai ga kowa a gefensa ba, sai hannunsa na dama ya saki keke ya tafi kan ƙullin da sauri, yana lalube, yana ja. Khamis ya ji daɗi, ya taka feda don ya je ya taimaka masa ya kwance. Sarƙarsa ta yi ƙara. Nan take hannun ya bar ƙullin ya koma inda yake, bayan tsohon ya miƙe.

Ledar ruwan ta suɓuce daga bakin Khamis.

A nan ya gane, kuma ganewar ta zo masa gaba ɗaya. Tun da ya shiga gidan nan da sunan suruki bai taɓa ganin muƙamuƙin Malam Mato yana motsi ba. Ko ruwa bai taɓa ganin ya kai baki ba. In ya je gaisuwa aka kawo abinci, Zulaiha kan ɗauki kwanon mahaifinta ta kai wani ɗaki, shi a bar shi a zaure. Ranar suna haka, ranar salla haka. Mata ne ke shirya abin, shiru-shiru, har ya zama kamar numfashi, ba mai lura da shi, ita kanta mai ɗaukar kwanon ta manta dalilinsa. Shi yana zaton kunyar suruki kaya ne na ƙarami kaɗai. Ashe mutumin da Fulanin Sorau suka rena ya fi shi ɗaukarta, kuma zai gwammace ya faɗi a kan titi da mijin 'yarsa ya ga yana tauna. A gida akwai wani ɗaki, a hanya babu. Tun safe tsohon ke neman inda zai ɓuya ya ci, shi kuma yana biye da shi da ido. Garin neman gira ana shirin rasa ido, kuma shi ne mai aikin.

Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ya waiga ko zai hango jan tutar Joel, babu kowa. A gaba hanya ta yi kwana ta bayan wani dutse. Ya san abin da ya rage masa, ya kuma san shi ne abin da ya yi alkawarin ba zai yi ba.

Ya zo daidai tsohon, bai dube shi ba. "Baba, zan ɗan yi gaba in duba hanya. Zan jima kaɗan. Ku huta a nan."

"To. Ku je." Da ƙyar kalmomin suka rabu da juna.

Khamis ya miƙe a kan feda ya taka da duk ƙarfinsa, yadda tsohon zai ji sarƙar tana nisa. Ya sha kwanar, ya ƙara gaba, ya tsaya a inuwar wata ƙirya ya ba hanya baya. Wuyansa na son juyawa, ya hana shi. Ya ƙiyasta a ransa: yanzu ya sauka, yanzu ya kwance, yanzu ya yi bismilla. Ya ba shi lokacin da mutum zai ci ya sha ruwa ya goge baki, don kada ya koma ya tarar da shi da abu a kumatu. Ya ƙara masa wani lokacin a kai, saboda ladabi. Wani makiyayi ya ratsa da shanunsa, suka gaisa. Shanun suka gama wucewa, ƙarar keke ba ta zo ba.

Ya juya.

Daga kwanar ya hango baƙin keken kwance a gefen hanya, tayar baya ta daina juyawa. Malam Mato yana ƙasa kusa da bakin wani kwalbati, hularsa ta yi gefe, jini na bin kunnensa yana shiga yashi. Ya sauka da ƙafarsa, wannan a bayyane yake, don ya zare ƙullin yana riƙe da shi a ƙirji da hannu biyu. A tsaye jiri ya ɗebe shi, kansa ya sami kankaren. Khamis ya durƙusa yana kiran Baba, Baba. Ya ja kyallen daga hannunsa. Ƙullin yana nan yadda Zulaiha ta yi shi, sai dai ya jiƙe da yawu, ga sawun haƙori a jiki. Yatsun sun kasa, ya gwada da baki.

Khamis ya yaga kyallen ta gefe, ya murje dabino ɗaya ya buɗe bakin tsohon ya shafa masa a dasashi. Yau ga shi ya kama haɓar da ya ji nauyin kamawa ɗazu, ba wanda ya hana shi. Numfashin yana fita da gurnani. Idon a buɗe yake kaɗan, ba ya kallon komai.

A haka Joel ya same su. Bai yi tambaya ba, ya cire rigarsa ya naɗe kan, ya hau waya. A-kori-kurar tana can baya cike da gajiyayyu da kekunansu, sai da aka sauke su a bakin hanya sannan ta iso. Suka shimfiɗa tsohon a baya, kansa a cinyar Khamis, aka juya Maiha. Ba su kai ba. A wajen mayon nan na zango na biyu gurnanin ya tsaya. Khamis ya yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne har bayan ya san ba mai ji.

Da suka isa Maiha, ma'aikacin asibiti ya duba ya ce sai haƙuri. Suna jiran a kawo mayafi a rufe shi, Joel ya ga kyallen a hannun Khamis, cike, da yaga a gefe.

"Bai ci ba ko ɗaya?"

Khamis ya girgiza kai.

Joel ya gane. Ya zauna da Fulani maƙwabta tun yana yaro, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya dafe kansa da hannu, can ya ce, "Da na matsa maka ɗazu."

Khamis ya juye dabinon duka a hular kwanon Joel. "Ka raba wa mutane, sadaka ce. Kuma don girman Allah, maganar nan ta tsaya a nan." Sannan ya zauna ya kwance ƙullin. Shi mai lafiya, mai ƙarfin yatsu, sai da ya sa haƙori ya daɗe yana fama.

Kafin magariba aka kai Malam Mato makwancinsa a Mubi. Waɗanda suka kai Sorau suka juyo sun shigo gari suna murna, suka tarar da labari, da yawansu suka bi gawa da rigunan ƙungiya a jikinsu. A wurin zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce taurin kai, wasu suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce ai surukin nasa ya yi ƙoƙari, tun safe yana manne da shi. Duk wanda ya faɗi wannan ta ƙarshe, sai Khamis ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Sai washegari da hantsi ya sami ganin Zulaiha ita kaɗai, a ɗakin mahaifinta. Tana zaune a bakin gado, kwalbar ƙwayoyinsa a hannunta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya ajiye kyallen a gefenta, a ninke, ba komai a ciki. Ta ɗauka ta warware, ta shafa inda ya yage.

"Ya ci ke nan," ta ce. "Alhamdu lillahi. Ko ba komai bai tafi da yunwa ba."

Khamis ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

"Sun ce a bakin kwalbati ya faɗi. Sun ce kai ka fara isa wurinsa." Ta ɗago ta dube shi. "Isa daga ina, Abban Afrah? Ba kana gefensa ba?"

Yana da amsa, cikakkiya, tana bakinsa. In ya faɗa mata, zai fita daga zargi. Amma sai ta san alkawarin da ta ɗora masa shi ya hana ubanta ci tun safe, ta kuma san ƙullin da ita ta ja da haƙori shi ne ya ƙi kwancewa. Ita ce za ta kwana da wannan har ƙarshen ranta, ita da ta rugo ba takalmi bara.

"Ka ɗauke ido daga kansa?"

"Na ɗauke."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta ninke kyallen a hankali ta sa a ƙarƙashin matashin mahaifinta, ta juya fuskarta bango. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan ya fita zaure ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa.